Fasfon Basiru

Ni Hure ban yi boko ba, amma na san ƙarar bindiga ko da ta cikin waya ce. A bayan muryar autana Basiru na ji ta, ana tsakiyar azumi, shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan. Karatun likita ya tafi yi a jami'a. Alhaji Jaji, mai kai yaran ƙauyenmu karatu can, shi ya tafi da shi.

Ranar tafiyar na damƙa hannunsa a na Alhaji, na ce ga amana. Na kuma ce wa yaron duk abu mai muhimmanci ya ba babba ajiya, yadda muke yi a nan. Wa ke barin takardar gona a hannun yaro? Suna sauka ya miƙa masa fasfonsa.

"Inna, an kawo motocin kwashe ɗalibai," in ji Basiru a wayar, da sassafe. "'Yan ɗakinmu duk sun hau. Alhaji ya ce min ta waya in jira, wani zai kawo min fasfona."

"Me kake ci?"

"Dabino. Ruwan ma ya kusa ƙarewa."

Wani abu ya fashe kusa da shi, waya ta mutu.

Shi kuwa Alhaji tun kafin azumi ya dawo gida. Na same shi a gindin darbejiya, ya miƙe ƙafa a kan tabarma.

"Iya, a ci gaba da addu'a," ya ce.

"Tun ba a haife ka ba nake addu'a. Tashi mu je gaban dagaci."

A zauren dagaci ban ko ƙarasa gaisuwa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaye shi wa ke riƙe da fasfon ɗana a can. Suna nake so."

Alhaji ya gyara hula, ya sake gyarawa. Sai da dagaci ya daka masa tsawa ya ce, "Yana cikin jakata, a ɗaki. In zan taho, tahowa nake da na yaran, kada wani ya tsallaka Saudiyya neman aiki."

"To wa ka ce ya jira?"

"Na faɗa ne don kada hankalinsa ya tashi."

Motoci sun tafi, ɗana na zaune cikin wuta yana jiran mutumin da babu shi!

Dagaci ya sa aka ɗauko fasfon. Ya ce, "Kira shi yanzu, a gabana. Ka gaya masa gaskiya, ya bi duk motar da ya samu."

Waya ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Da aka sake kira wani ya ɗauka da Larabci, ba muryar Basiru ba. Alhaji ya saurara, ya sauke wayar.

"Maƙwabcinsu ne. Wai tun safe ya fita neman ruwa, ya bar wayar a caji."

Ya yunƙura zai tashi, wai la'asar ta yi. Na cafke gefen rigarsa, na nannaɗe a hannuna.

"A nan za ka yi ta. Zauna. Sake kira."