Baƙin Ƙwai a Akwatin Zarami

Abin da Zarami ya bari a duniya bai wuce koma biyu da tsohon babur ba, sai wata 'yar na'urar wasa da ba ta fi sabulun wanki girma ba, wadda gidansu suka shekara tara suna yi masa gori a kanta. Ƙato da gemu, masunci, ya dawo daga fadamar Baturiya yana ƙarnin kifi, ya miƙe ƙafa a gindin darbejiya yana kama dodannin ƙarya! Da kwalekwalensa ya kife a ambaliyar bara waccan, aka zo rabon gado, babu wanda ya ko kalli na'urar sai ƙanwarsa Bushira, malamar firamare.

Wasan na tara dodanni ne. Ka shiga daji ka kama, ka yi kiwonsu, ka jera su a akwati. Sai da Bushira ta kunna ta ga ta'asar da yayanta ya yi: kowane dodo ya raɗa masa sunan wani na gida. Ga Umma, mahaifiyarsu, wani ƙaton kunkuru mai fuskar faɗa. Ga Aishatu matarsa. Ga ita kanta, 'yar shuɗiyar tsuntsuwa mai tsiwa. Ranar ta yi dariya har ta koma kuka. Duk faɗin Haɗeja, nan kaɗai take jin ɗumin hannun yayanta.

Dodo ɗaya tak ya rage bai kama ba. Bushira ta yi wata goma tana nemansa don ta cika masa aikinsa, abu ya ƙi.

Nan fa Badaru ya shigo zancen. Ɗan kawunta ne, abokin wasanta, mai gyaran waya a bakin kasuwa, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa furta "ban iya ba".

"Ke malamar ƙauye, miƙo nan," in ji shi. Ya zaro wani baƙin abu daga aljihun tebur. "Wannan sunanta 'yar coge. A soka ta tsakanin kaset ɗin wasan da na'ura, a buga mata lambobi, wasa ya amayo duk abin da ake so."

"Badaru, kayan Yaya ne fa."

"To ni na ce na maƙwabci ne?"

Ya kwafo lambobi daga intanet ya buga. Kiɗan wasan ya sarƙe, ya tsaya kan sauti ɗaya yana ƙara kamar sauro a kunne. Gilashin ya yi zane-zane, ya yi duhu, ya dawo. A cikin akwati, maimakon dodo, sai ga ƙwai, baƙi wuluk, inda ya kamata suna ya fito babu komai sai alamun tambaya.

"Adana kawai, zai ƙyanƙyashe," in ji gwani. Ita kuma ta adana.

Ƙwan bai ƙyanƙyashe ba. Ba ya jefuwa, ba ya matsawa daga gurbinsa. Washegari da ta kunna, birin da ke kusa da shi, wanda Zarami ya sa wa suna Badaru, ya zama ƙwai shi ma. Ta kira shi a waya tana tsokana, wai shi aka fara cinyewa. Kashegari dodon da ke ɗauke da sunan kawunsu Abdulfattah ya zama ƙwai. Sai na Aishatu. Dariya ta ɗauke. Kiɗan ya koma nishi-nishi, mutanen cikin wasan su buɗe baki su yi magana, wurin rubutu ya fito fayau babu harafi ko ɗaya. Tsoro ya kama Bushira, na gaske, irin mai hana cin abinci.

Ranar Talata Badaru ya zo gida da kansa, hula a hannu, babu wasa a bakinsa.

"Na yi ɓarna, Bushira. Lambobin na wani bugun wasan ne daban. Duk kunnawa ɗaya, sai ya ci na kusa da shi. Kada ki ƙara taɓa ta. Akwai wani a Kano mai na'urar kwashe abin da ke cikin kaset, ranar Asabar zan kawo ta. Abin da ya rage za mu tsirar."

Kwana huɗu. Ta naɗe na'urar a ɗankwali ta tura ƙasan akwatin kayanta.

Satumba ce, kogi ya cika ya batse. Mazan unguwa duk suna bakin jinga suna jera buhunan yashi, kowa ya dawo sai a tambaye shi ina ruwa ya kai. Ranar Laraba zazzaɓi ya kayar da Aishatu. To wa bai yi zazzaɓi ba a Haɗeja da damina? Amma bakin Bushira ya riga ya yi mata kaye, don ta ba Aishatu labarin ƙwan, Aishatu kuma cikin rawar sanyi ta kwashe ta gaya wa Umma.

Da la'asar Umma ta kira ta. "Ɗauko abin yayanki, ki kunna in gani."

"Umma, an ce kada a kunna."

"Wa ya ce? Badaru ne ya haife ki?"

Ta kunna. A gaban idonsu kunkurun ya ɓace, baƙin ƙwai ya zauna a wurinsa. Umma ba ta karanta boko, sai ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Wa ya tafi yanzu?"

"Ke ce, Umma."

Yatsan ya matsa gurbi na gaba, kan 'yar shuɗiyar tsuntsuwa. "Wannan fa?"

Bushira ta ce, "Ni ce. Amma wallahi Umma lambobi ne kawai suka rikice, babu aljani, babu komai. Ranar Asabar za a gyara."

"To," in ji Umma. Da Bushira tana cikin hankalinta da wannan "to" ɗin ta ishe ta gargaɗi.

Da safiyar Alhamis Bushira ta sa Aishatu a adaidaita ta kai ta asibiti. Layi ya riƙe su har azahar. Da suka dawo, Umma tana zaune kan tabarma a tsakar gida tana jan carbi, fuskarta a sake, rabon da a gan ta haka tun rasuwar ɗanta. A gabanta akwai kwanon sha cike da baƙin ruwan rubutu da ta karɓo wajen malamin unguwa. Na'urar tana ciki, kaset ɗin yana ciki, an danne su da dutsen niƙa tun hantsi don kada su taso.

Bushira ta kurma ihu, ta tsamo na'urar. Baƙin ruwa yana tsiyaya ta kowane maɓalli. Ta danna, ta girgiza, ta sake dannawa. Shiru.

"Umma! Jibi ne fa! Yaya ne a ciki, shi ke nan abin da ya rage mana!"

"Yayanki yana wajen Ubangijinsa," in ji Umma. "Ke ce a ciki."

Ta jawo Bushira, wadda ke kuka kamar ranta zai fita, ta ɗora tafin hannu a goshinta, ta daɗe tana ji. Sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi, babu zafi. Tashi ki ci abinci."