Moto Biyu a Farashin Banza

Hayaƙi ya tashi daga ƙarƙashin amalanken, ƙauri ya cika tsakar gida. Dalhatu ya fizge wayar batir da sauri, ya tsaya yana kallon abin da ya ƙera: ƙarfe zalla, ƙafa huɗu, nauyi kamar na bijimi. Ko gezau bai yi ba.

"Malam, wannan kuma na mene ne ya ƙone?" in ji matarsa Lantana daga bakin murhu.

"Na injin wanki."

Ma'aikaci ne a Gusau, amma zuciyarsa tana wajen ƙere-ƙere. Burinsa amalanken ya ja kansa da batir, ya ɗauko buhunan masara daga gonarsu ta Wanke. Jiki ya haɗu, saura injin lantarkin da zai juya ƙafafun, wanda masu gyara ke kira moto. Na fanka ya gaza. Na goge gilashin mota ya yi gurnani ya mutu. Har Tsafe ya je bisa jita-jita, aka nuna masa wani da tsatsa ta cinye. Wani ya ce ƙarfi ne ya yi kaɗan, wani ya ce giyar rage gudu ce babu, shi kuwa ya rasa wa zai bi. Sabo daga Kano kuma, ko albashinsa ya haihu ba zai saya ba.

*

A Sabon Garin Gusau wani dillalin kayan gyara, Lawali, ya ja shi bayan shago ya kwance bakin buhu. Moto biyu ne, sababbi fil, kowane da giyarsa a jiki. Da ya faɗi farashin, Dalhatu ya ɗauka bai ji daidai ba.

"Daga ina suka fito?"

"Malam, moto kake nema ko tarihi? In an ba ka nama, ba ka tambayar sunan saniya."

Wani abu ya ɗan sosa masa rai, amma murna ta danne shi. Ya yi ta awon ramukan kusoshinsu har ya haddace, ya yanka ƙarfe daidai da su. Ranar da ya haɗa waya, amalanken ya yunƙura ya fita ƙofar gida da kansa, maƙwabta suna ta sowa. Da buhuna a kai ne ya riƙa nishi. Nan take Dalhatu ya buga wa Lawali waya ya ce ya nemo masa ƙarin biyu.

*

Ranar Asabar suka je Bungudu gaida Kawu Sama'ila, ƙanin mahaifiyar Lantana, wanda harsashin 'yan bindiga ya kashe wa ƙafafu a hanyar gona. Suka tarar da shi a kan tabarma a zaure. Gefensa akwai keken guragu mai caji, ledar kujerar ma ba a cire ba, kaza ta yi ƙwai a kai.

"Kawu, ga keke, me ya hana ka hawa?" in ji Lantana.

"Na hau, ɗiyata. Ranar da aka raba mana kekunan, mu guragu, na zagaya fili har aka yi mani tafi, aka ɗauki hoto. Sai suka ce a bar su a yi musu rajista. Da aka maido, babu mai motsi, mu duka. Ga nauyi, ba ya turuwa." Ya juyo. "Dalhatu, an ce hannunka na jin ƙarfe. Duba mani."

Dalhatu ya kifar da keken. Kusa da kowace ƙafar baya akwai gurbi fanko, da wayoyi a datse. Ya sa yatsa a ramukan kusoshin. Bai buƙaci awo ba.

Kansa ya ɗaure. Moto biyun da ya saya na Kawu ne? Ko na wani gurgun ne a wani zauren? In ya cire ya kawo nan, wancan fa? In ya yi magana, wa zai kai ƙara, wurin wa, alhali kayan suna gidansa? Shi da bai taɓa satar ko allura ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Lawali. Ya bar ta tana ruri.

"Zai gyaru?" Kawu ya tambaya.

"Sai... sai na ƙara dubawa, Kawu."

"Duba a hankali. Ni ba ni da gaggawa."

Aka kira sallar la'asar. Tsohon ya jawo silifas, ya zura hannuwansa a ciki, ya ja jiki ya tsallake dokin ƙofa. Ƙafafunsa suna biye da shi, suna zana layi biyu a ƙasa har bakin masallaci.