Tarin da Malam Lawal Ya Rubuta

"Rubuta ka ce ƙuda ɗaya ne," in ji Gwaggo Zuwaira mai ƙosai, tana dukan tabarma da tafin hannu. "Ɗaya tak, shi ma wucewa yake yi."

Malam Lawal, marubucin takardu na kasuwar Dangora, bai ko ɗago kai ba, don ya riga ya san zancen. Balarabe duba-gari ne ya tarar da ƙosanta a buɗe ba faifai, ya ci ta tara. Kafin ita ya ci wani Bafulatani don akuyarsa ta yi kashi a bakin rumfa. Tarar ba wata abar a zo a gani ba ce, cinikin safiya ɗaya ya biya ta. Abin da ya tsaya wa Gwaggo a rai shi ne, yaron da ta sani tun yana yawo ba wando, yau ya sa kaki yana nuna ta da sanda. Kuma a ina? A gindin tsamiyar da motar Kano ke tsayawa, wurin da ta tsufa tana suya, wanda Fatima mai waina ta daɗe tana haɗiye wa yawu.

"Gwaggo, ƙuda ba ya sa hakimi kuka," in ji Malam Lawal. "Bar ni da aikina."

Shi dai a wurinsa takardar da ba ta jiƙa ido ba asarar tawada ce. Ya duƙufa, ya yi ta rubutu yana girgiza kai don tausayin abin da ke fita daga alƙalaminsa. Da ya gama ya gyara murya ya karanta:

"Ranka ya daɗe, ga kukan wata tsohuwa, miji ya rasu, ba mai duba ta. Tun asuba take durƙushe gaban wuta. Hayaƙi ya cinye mata ƙirji, tari ya hana ta sakat, har takan ga jini a bakin zanenta. Hannu mai rawa ne ya kasa ɗaga faifai, a kan wannan aka ci ta tara. Yau ƙuda, gobe akuya, jibi kuma sai a ci talaka tarar numfashi."

Gwaggo ta share hawaye da gefen mayafi. "Allah sarki! Wace baiwar Allah ce wannan?"

"Ke ce mana, Gwaggo."

"Ni? Ni da nake ɗauko buhun wake daga Yako a ka? Rabona da tari tun ina amarya!"

"So kike a yafe miki, ko so kike a yabi lafiyarki?"

Gaskiya takardar ta yi daɗi, ita kanta ta ji tausayin kanta. Ta miƙa ɗan yatsa ta dangwala.

Ranar kasuwa ta zagayo, mai yana tafasa, mutane sun yi cincirindo, sai ga Balarabe da bargo sabo ful a hammata. Ya tsaya can nesa, ya rusuna, abin da bai taɓa yi mata ba tun da ya sa kaki.

"Sannu Gwaggo, ya jiki? Wallahi ban sani ba. An karanta takardarki gaban hakimi, har da masu share ido. Ya ce an yafe tara, ga bargo ki riƙa rufa."

Gwaggo ta dubi Fatima mai waina a kaikaice, ta ɗaga murya. "Allah ya ja zamaninsa!"

"Sai dai malamin asibiti yana wurin," in ji Balarabe. "Ya ce mai tari da jini ba ta sayar da abin ci. Ki ɗauke kasko, sai likitan Kano ya duba ƙirjinki."

Wani direba da ya kai loma baki ya juya ya tofar. Wata mata ta fizge ƙosai daga hannun ɗanta. Gwaggo ta rantse, ta daki ƙirji ya yi ƙara kamar ganga, ta ce a kawo turmi ta ɗaga a gani. Balarabe ya ce shi dai ba zai ƙaryata takardar da ta sa wa hannu ba. Kafin azahar Fatima ta kafa tandarta a gindin tsamiya, har tana cewa Allah ya ba Gwaggo lafiya.

Baƙin ciki ya cika Gwaggo, irin wanda ba ya fita da kuka. Ta ɗauki bargonta ta nufi rumfar Malam Lawal.

"Malam, sai ka sake wata. Ka ce lafiyata lau."

Ya sosa ƙeya. "Gwaggo, in na rubuta haka ai na ce na yi wa hakimi ƙarya. Kuma fisabilillahi, me mutum zai ce a kan lafiya? Ba ta da wurin kuka."

"To, madalla."

Ta shimfiɗa bargon a gefen tabarmarsa, ta zauna daram ta miƙe ƙafa. Can sai ga wani dattijo da sallama, yana so a rubuta wa ɗansa wasiƙa zuwa Kurmi. Gwaggo ta bari har ya tuɓe takalmi, sannan ta dafe ƙirji ta saki tari tun daga cibiya. Dattijo ya kwashi takalmansa a hannu, ya ce ya tuna ya bar jaki ba ɗauri. Na biyu ma haka. Na uku daga nesa ya hango ta ya sauya hanya.

"Haba Gwaggo!" in ji Malam Lawal. "Ai kin kashe mini kasuwa!"

Ta gyara zama, ta tura masa kwalbar tawada da ɗan yatsa.

"Kai ka sa mini ciwon nan, Malam. Ina nan sai ka warkar da ni."