Sunan da Hansai Ta Haɗiye

Tun da aka kai ƙanwata Hansai ɗakin Garzali a Balan, ba ta taɓa kama sunansa ba. To, wace mai kunya ce ke kama sunan miji? "Maigida" take cewa, ko "shi". Mu muka koya mata, har muna yabonta a gaban baƙi.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta ƙone a gona, Hansai na ɗauke da cikin fari, ga kwaɗayin nama ya hana ta sakat. Shi kuwa Garzali ba ya iya ganin ta ɓata fuska. Ya ɗauko layar kakansa maharbi, irin wadda ake ratayawa a rikiɗa, a shiga cikin namun daji a kamo ɗaya. Ya nufi dajin da ke tsakaninmu da Toranke. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Sai ga makiyaya da labari: sun ga barewa ita kaɗai a gindin wata tsamiya, da jar laya a wuya.

Kawu Tukur, tsohon maharbin garinmu, ya girgiza kai. "Yunwa ce ta sa ya ɗanɗani ciyawa. Wanda ya ci ciyawa kuwa ya manta sunansa. Sai muryar da ya fi so ta tuna masa."

Muka ɗunguma da hantsi, har da surukin Hansai, Malam Inuwa. Ga barewar nan tsaye, duk ta rame. Malam Inuwa ya kira ɗansa har muryarsa ta dushe, ko kunne ba ta kaɗa ba. Amma da Hansai ta matso, sai dabbar ta ɗago kai ta tako, ta sa hanci a tafin hannunta. Wallahi idanun Garzali ne, na gan su.

"'Yar nan, kira shi," in ji Kawu Tukur. "Da sunansa na yanka."

Hansai ta waiwaya. Ga suruki, ga dattawa, ga samari sun zuba mata ido. Kai, maza! A ce duk cikinsu babu mai hankalin da zai ce a juya baya? Ni ma da nake wannan maganar, ina tsaye kamar turmi.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Maigida," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Barewa ta jira.

"Malam... kai... ka zo mu tafi gida."

Na ga leɓenta ya ɗauko sunan, ya kai shi bakin ƙofa, ta haɗiye. Wani saurayi ya yi dariya. Dariyar ce ta firgita dabbar, ta yi tsalle ɗaya ta shige sarƙaƙiya. A lokacin Hansai ta ƙwala kira, "Garzali!" har tsuntsaye suka tashi daga tsamiyar. Ina! Ya yi nisa.

Mun dawo ba mai kallon wani. Har yau in na tuna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Hansai kuwa ta taka dajin nan da tsohon ciki har wajen Ajingi, ko sawu ba ta samu ba.

Da ta haihu namiji, Malam Inuwa ya mayar masa da sunan ubansa, aka ce a riƙa kiransa Abba don a sakaya. Hansai ta ce a'a. Duk Balan ita kaɗai ce ke kiran ɗan fari da sunansa, sunan miji kuma, da ƙarfi, a bakin zaure. Mata na cewa ba ta da kunya. In na ji, sai in ce su rufe mini baki.

Kullum da yamma takan fito ta ce, "Garzali, zo gida!" Yaron yakan amsa daga bayanta, yana riƙe da zaninta. Ita dai daji take kallo.