Shatin Yatsu

Zobe na ƙarshe ya ƙi shiga. Baba ya zare shi daga jikin sandar, ya zura siririn magagari a hujin, ya murza kaɗan, ya hure garin, ya sake gwadawa. Ɓawon nan mai taushi da ake toshe bakin kwalba da shi, shi ake yankawa zobba-zobba a jera a gindin sandar fatsa ya zama mariƙi, kuma ba ya son gaggawa. Ka tura shi da ƙarfi, ya tsage. Ka buɗa hujin da yawa, ya riƙa rawa a jikin sanda, gam ɗin duniya ba zai zaunar da shi ba.

"Auta, zo riƙe min kan nan."

'Yarsa ta taso daga bakin ƙofar shago, inda take zaune tun safe kamar mai jiran mota. Kwana biyu ke nan da ta zo daga gidan mijinta, wai hutu. Tun tana ƙarama ita ce mai riƙe masa sanda, ta san aikin. Ta ɗaga hannuwa ta tallabe kan, shi kuma ya shafa gam, ya turo zoben a hankali har ya haɗu da 'yan'uwansa. Garin ɗagawar nan ne hannun rigarta ya zame.

A damtsenta akwai shati, baƙi ƙirin, gefensa ya fara dusashewa. Babban yatsa ta ciki, yatsu uku ta waje, da gurbi ɗaya a tsakani wanda babu komai.

"Mene ne wannan?"

"Ƙofa ce, Baba."

"Ƙofar gidanku har yatsu gare ta?"

Ta yi 'yar dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ta ja rigar da haɓarta. "Gam ɗinka zai bushe."

Da gaskiyarta, gam ba ya jiran magana ta ƙare. Baba ya sa zobban a tsakanin katakai biyu, ya ɗaure noti har gam ya tsattsafo, ya goge da tsumma. Mutumin da ya tsufa yana auna tafin hannun mutane ba sai an karanta masa shati ba. Mijin Auta, wanda kowa ke kira Manaja, ya karye a yatsan tsakiya tun yana yaro wajen ƙwallo, har yau yatsan ba ya lanƙwasawa. Sandar nan da ke cikin matsi kuwa tasa ce.

* * *

Da yamma ya sami matarsa tana kwashe shanya.

"Kin ga hannun yarinyar nan?"

Inna ba ta juyo ba. "Ni na gasa mata da ruwan zafi, ta yaya ba zan gani ba?"

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa maka ka yi me? Ka je ka buge shi da sandar kifi?" Ta ninke zani ta ɗora a kafaɗa. "Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Yaron nan bai rage ta da ci ba, bai rage ta da sutura ba. Lokacin da ka kwanta asibiti, wa ya riƙa zirga-zirga? Ɗan yayarka ko shi? Ka riƙe ta a nan, gobe a ce gidanmu ba a zaman aure, sai in ga wanda zai kalli 'ya'yan ƙannenta."

"Ba ta da ƙanne. Ita ce auta."

"To, 'ya'yan yayyenta. Kai dai ka gane."

Ya gane. Ya tsaya yana ɓantare busasshen gam daga farcensa. A ransa ya shirya magana mai kyau, mai kai da gindi, irin wadda za a faɗa wa suruki ba tare da an zubar da girma ba. Ya gyara ta, ya rage mata kaifi a nan, ya ƙara mata ladabi a can. Ka san magana kamar ɓawo take, in aka cika gugarta sai a wayi gari babu abin riƙewa.

* * *

Washegari Manaja ya iso da hantsi, mota fes, ƙamshin turare ya riga shi shiga shago. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya ajiye ledar lemo da ayaba a kan benci.

"Baba, an ce sandata ta kusa. Kifayen tafki sun aiko in gaishe ka, sun ce don Allah ka ja aikin."

"Su kwantar da hankalinsu, wanda zai riƙe ta sun san shi."

Suka yi dariya. Baba ya kwance matsin. Zobban sun kama juna sun zama abu ɗaya, ya goge su da samfefa suka yi sumul. Abin da ya rage shi ne awo, kuma shi awonsa daban yake da na kowa. Ya ɗauko gwangwanin garin gawayi ya miƙa.

"Shafa a tafinka. Ka riƙe kamar kifi ya ja. Inda ya yi baƙi, nan zan rage, sai mariƙin ya zauna maka a hannu."

Manaja ya naɗe hannun riga, ya shafa, ya damƙi mariƙin. Jijiyoyin hannunsa suka tashi. Ɓawon ya yi 'yar ƙara. Da ya saki, ga shi nan a kan farin ɓawo: babban yatsa a gefe, uku a ɗaya gefen, da gurbin da babu komai. Wurin babban yatsan har ya ɗan lotsa.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya tuna maganar da ya shirya jiya.

"Ɗana," ya ce, "riƙonka ya yi tsanani. Abu mai taushi ba a matse shi haka."

"Ai Baba, abin da ka sassauta wa shi ke kufce maka." Ya yi murmushi, ya leƙa ta ƙofar cikin gida. "Ina mutuniyar? Hutun ya isa haka, gida ya zama kango. Jiya shayi ma sai da na ƙona shi."

Auta ta fito da jakarta, cikin farar riga mai dogon hannu, Inna na biye da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba mijin take kallo ba, ubanta take kallo. Irin kallon da take masa tana ƙarama in ta riƙe sanda hannunta ya gaji, tana jira ya ce ta sauke.

Kalma biyu ce kawai zai faɗa. Ajiye jakar. Gidansa ne, 'yarsa ce, babu wanda zai ce don me.

"Auta," ya ce, "ko za ki ƙara kwana?"

Da tambaya maganar ta fito. Shi kansa ya ji.

"Kwanan me?" in ji Inna. "Mijinta ya zo da kansa. Allah ya ba da haƙurin zama."

"Amin, Inna," in ji Manaja. "Baba, yaushe zan aiko a karɓa?"

"Jibi."

Auta ta sauke idonta. "Sai an kwana biyu, Baba."

Ta yi ɗan jinkiri wajen tsallake dokin ƙofa, sai Manaja ya kama damtsenta ya ja ta gaba, yana ta ba Inna labarin shayin da ya ƙone. Bai wanke hannu ba. Da ya sake ta don ya buɗe mota, gawayin ya zauna daram a kan farar rigar.

A tsallaken titi, tela da matar mai wanki suna tsaye suna kallon motar. Inna ta yi sauri ta sha gaban 'yarta, ta kama bakin mayafinta tana kakkaɓe wurin, tana murmushi tana ɗaga musu ɗaya hannun.