Kujera a Gindin Kuka

"Ɗaga masa haɓa mana, ba ka ga kumfa na shiga bakinsa ba?" in ji Manaja. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya toshe hanci da hankici.

Mai Aski ya tallabo ƙeyar tsohon da tafin hannu, ya share kumfar da babban yatsa, sannan ya ɗora aska a kan kumatun da suka lotsa. Fatar ta yi laushi kamar tsohuwar leda, sai ya ja ta da yatsu biyu kafin askar ta samu wurin bi.

Ɗakin ya cika da zarnin fitsari da warin gyambo. An fesa turare don a danne su, sai turaren ya haɗu da su ya zama wani wari na uku da ya fi su tayar da zuciya. Taga a rufe take ruf, wai kada mutanen waje su leƙo. Auta, ƙaramar 'yar tsohon, wadda ta baro ɗakin mijinta ta zo jinya, tana durƙushe a gefen katifa da kofin ruwa da cokali.

"Yaya, don Allah yau kam a bar shi," ta ce. "Tun jiya ko ruwa ba ya wucewa."

"Ke dai yi aikinki. Mota guda ce cike da baƙi ke tafe, tun asuba suka taso. In ce musu me? Su koma?"

Tun Mai Aski yana saurayi yake yi wa Baba Kafinta aski, don titi kawai ya raba shagonsa da gidan. A ƙofar gidan, cikin filin Baba, kukar take. Tana nan tun kafin a yi unguwar, tsofaffi ma sun ce tun kafin a yi garin. Gindinta ya fi ɗaki faɗi. A inuwarta Baba ya yi sana'arsa har ƙarfinsa ya ƙare, yana fiƙe katako yana tsokanar masu wucewa. In an tambaye shi ko tasa ce, sai ya ce, "Ina! Haya nake yi a wurinta, ita ce mai gida."

Ana nan sai wasu masu binciken itatuwa suka zo da na'urori, suka huda ta da wani siririn ƙarfe, suka ce ta haura shekara dubu, tana cikin tsofaffin itatuwan da suka rage a duniya. Aka nuna ta a talabijin, suka tattara kayansu suka tafi. Babban ɗan Baba kuwa, wanda ya taɓa sayar da wayoyi ya karye, ya yi dillancin filaye ya sha da ƙyar, sai ya ga ta faɗi gasassa. Ya sa aka rubuta allon talla, ya shiga ɓare ɓawon kukar yana dakawa yana ƙullawa a leda, wai maganin tsawon rai. Shaidarsa ita ce ubansa. Tsohon da bai wuce tamanin da 'yan kai ba, rana ɗaya ya wayi gari da shekara ɗari da talatin. Shi kuma ɗan ya raɗa wa kansa Manaja.

Da farko Baba dariya ya ɗauki abin. Da ya gane ba wasa ba ne ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, har ya ɗauko guduma ya farfasa allon. Bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, sai faɗan ya ƙare. Aka yi sabon allo, wanda ya fi na da girma.

Mai Aski na goge askarsa ya ga leɓen tsohon na motsi. Ya sunkuya ya kai kunne.

"Ɗana... kwanciya nake so."

"To, Baba. To." Ya ɗago ya dubi Manaja. "Ka ji abin da ya ce. Ka bar bawan Allahn nan ya huta. Wallahi jikin nan ba na fita ba ne."

"Aski aka kira ka, ko wa'azi?" Manaja ya sauke hankicin. "Baƙin nan da ke zuwa, nawa ne ke shiga shagonka kafin su tafi? Ka taɓa korar ɗaya? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Maganar ta soke shi, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ya tattara kayansa a jaka ya fita.

Bai wuce shago ba. Ya tsaya wajen mai kanti, wanda shi ne babba a layin, ya ce masa su haɗu su uku ko huɗu su je su yi wa yaron nan magana. Mai kanti na jera ruwan roba a cikin ƙanƙara, ko ɗagowa bai yi ba.

"Sha'anin gida ne, Mai Aski. Ɗa da ubansa, ina ruwan wani?"

"Mutuwa fa yake yi."

"To waye ba ya yi? Miƙo min kwalin can."

Mai facin taya ma haka, shi da ke karɓar na ajiye motoci. Mai hoto kuwa har ya kafa laimarsa. Kowa a layin ya san shekarun Baba na gaskiya, wasu ma shi ya haɗa musu gadon aurensu, amma baki ya ci, ido ya ji kunya. Mai Aski ya tofar da yawu a kwata ya buɗe shagonsa.

Da hantsi ya ga an fito da tsohon. Manaja da wani ƙato da ya ɗauka aiki suka ciccibo shi kamar buhu, suka dasa a kujera mai hannu a gindin kukar. Da ya langaɓe gefe, sai Manaja ya zaro wani dogon ƙyalle ya zagaya ƙirjinsa da shi, ya ɗaure a bayan kujerar, sannan ya rufa masa farar riga mai faɗi a kai. Ya kafa masa hula, ya manna masa baƙin tabarau. A bayansu gindin kukar ya yi fari fat, an ɓare shi har iya inda tsani ke kaiwa, yana tsattsafar da ruwa mai yauƙi, ƙudaje na bi.

Motar ta iso ta zazzage mutane. Akwai masu ƙiba da manyan wayoyi waɗanda kallo ya kawo su. Akwai kuma waɗanda ganinsu ya fi ci wa Mai Aski rai: wani mutum da ya rame kamar sanda yana tari a cikin tsumma, da wata mata da ta riƙo uwarta makauniya. Manaja ya ɗauki lasifika.

"Jama'a, ga itacen da ya ga kakannin kakanninku! Ga kuma mahaifina, shekara ɗari da talatin, bai taɓa kwana asibiti ba! Cokali ɗaya safe, cokali ɗaya yamma! A yi layi, kada a taɓa shi da ƙarfi, yana lazimi ne."

Mai Aski na da mutum a kan kujera, amma idonsa na kan madubi, don ta cikinsa yana hango ƙofar gidan. Ya ga ana durƙusawa gefen tsohon ana washe baki ana ɗaukar hoto. Ya ga wani saurayi ya dafa kafaɗarsa ya ɗaga yatsu biyu. Ya ga Auta ta leƙo da kofinta, yayanta ya harare ta, ta koma. Rana ta take, inuwar ta janye daga ƙafafun tsohon, babu wanda ya matsar da shi.

"Malam, ka yanke ni fa," in ji wanda ake yi wa askin.

"Yi haƙuri."

Can sai ya lura da wani ƙuda. Ya sauka a leɓen Baba, ya yi tafiyarsa a hankali har gefen baki, ya shiga, ya fito. Leɓen bai motsa ba. Mutumin da ko gashi ya faɗo masa a hanci sai ya yamutsa fuska.

Ya bar wanda yake yi wa askin da rabin kai, ya tsallaka titi da askar a hannunsa. Ya ratsa layin, ana ce masa ya bi sahu, bai ji ba. Ya durƙusa ya sa yatsu a wuyan tsohon, inda ya saba jin jijiya na harbawa a ƙarƙashin aska. Shiru. Ya zare tabaran. Idanun a buɗe suke, sun kafe suna kallon rassan sama.

Manaja ya iso da sauri ya sunkuya kamar mai gyara wa uban hula. Ya duba, ya gani. Fuskarsa ta yi wani iri, har Mai Aski ya zaci zai fashe da kuka. Sai ya ji ya yi ƙasa da murya.

"Mayar masa da tabaran. Saura kaɗan layin ya ƙare. Don girman Allah, ka rufa min asiri, yanzu za su tafi."

Mai Aski ya dube shi.

"Tir," ya ce. "Tir da kai."

Ya ɗage rigar a gaban kowa, ya sa aska ya yanke ƙyallen. Gawar ta sulalo ta faɗo a ƙirjinsa. Ya shafe idanun da tafin hannu, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Kafinta ya rasu."

Wurin ya ɓarke. Wasu suka ja da baya suna salati. Wasu suka matso suka ɗaga wayoyi sama don su ɗauka da kyau. Saurayin da ya dafa kafaɗar tsohon ɗazu yana ta goge hannu a wando. Matar nan mai uwa makauniya ta tsaya da ledar garin ɓawo a hannu, ta kamo rigar Manaja.

"Malam, to maganin fa? Yana yi ko ba ya yi?"

"Haba baiwar Allah," in ji Manaja, muryarsa na rawa amma bakinsa bai mutu ba. "Ɗari da talatin fa. Ke in taki ta kai haka ba kya gode ba?"

Mai Aski bai tsaya jin sauran ba. Ya saɓi tsohon, ya ji shi sakayau kamar yaro, ƙasan rigar ya jiƙe sharkaf. Ƙaton nan ya miƙo hannu zai taya shi, ya ce, "Kada ka taɓa shi." Ya shiga gidan da shi. Auta ta gan su, kofin ya suɓuce mata. Ba ta yi ihu ba. Ta ruga ɗaki ta janye jiƙaƙƙiyar katifar, ta shimfiɗa zanenta mai tsabta a ƙasa, ta buɗe tagar. Suka kwantar da shi, suka miƙe masa ƙafafu.

"Ya ce wani abu, Malam?"

"Abin da ya faɗa da safe ne kawai."

Ta kifa kai a kan ƙafafun uban, kafaɗunta na girgiza.

Kafin la'asar aka kai shi. Mai kanti ne a sahun gaba, yana ta ba da labarin kirkin mamacin da yadda suka yi zaman amana. Washegari aka shimfiɗa tabarmi a gindin kukar ana karɓar gaisuwa. An juya allon ya kalli bango, amma ba a cire shi ba. Mai Aski ya je don Baba, ya zauna a gefe, ya yi addu'a, ya tashi zai tafi. Manaja ya biyo shi har bakin titi, idanunsa jajur.

"Abin da ya faru ya wuce, Mai Aski. Ni ban riƙe ka ba. Ɓacin rai ne."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin, amin." Ya waiga, ya matso kusa. "Na ce ba, kawun nan naka da ke zuwa wajenka daga ƙauye, mai farin gemun nan. Ya kai shekara nawa? Ci da sha duk a kaina. Zama kawai zai riƙa yi."

Mai Aski ya bi shi da kallo tun daga hula har takalmi, ya juya ya tsallaka titi. Ya shiga shago ya wanke hannunsa da sabulu, ya ɗauraye, ya sake wankewa. Ranar bai yi wa kowa aski ba.

Da yamma, bayan an naɗe tabarmi mutane sun watse, ya fito zai rufe shago sai ya hango Auta. Ta kwaɓa jar ƙasa a bokiti, tana ɗiba da hannu tana shafe farin gindin kukar, a hankali, kamar mai shafa wa yaro magani. Ta gama iya tsayinta, ta yi ɗage, hannunta ya kasa kaiwa sama.

Ya koma ciki ya ɗauko bencin da masu jiran aski ke zama, ya tsallaka da shi, ya ajiye a jikin itacen. Ta hau, ya riƙe mata bencin da hannu ɗaya, ya ɗaga mata bokitin da ɗayan. Taɓo na ɗiga a kan hannun rigarsa, tsuntsaye kuma suna ta dawowa kwana a rassan sama.