Ragowar Buta

Ranar da Sista Rekiya za ta tafi Zurmi, ba makullin ɗaki ta bar wa Malama Lauratu ba, ba kuma kaza ko akuya ba. Wani tsohon bokitin fenti ta rungumo da hannu biyu, ta ratso layin gidajen reluwe na Kaura Namoda da shi, ta dire a barandar tsohuwar. A cikinsa akwai wata 'yar shuka gajera, ba ta wuce tsawon taƙi ba, mai ganye zagayayyu masu kauri, suna sheƙi kamar an goge su da man gyaɗa.

Rekiya ma'aikaciyar jinya ce, mutumiyar Okene, shekararta goma sha ɗaya tana maƙwabtaka da su. Tun da aka yanki Zamfara daga Sakkwato ake ta jujjuya ma'aikata, yanzu juyin ya zo kanta. Wata uku za ta yi tana zagayen rigakafi tsakanin ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, yau nan gobe can, kafin a ba ta ɗaki.

"Inna, ga amana," in ji ta. "Daga tukunyar mahaifiyata na yanko ta shekarar da ta rasu. A cikin abin da ta bari, wannan kaɗai ke da rai."

Malam Maccido, mijin Lauratu, wanda ya yi ritaya daga aikin malamin gona, ya leƙo daga kan tabarmarsa. "Mi as sunanta, Sista?"

"Fefaromiya, Baba."

"Miyar mi? Da daddawa aka kaɗa ta ko da ƙuli?"

Rekiya ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta yi bayani: kofi ɗaya na ruwa, ranar Juma'a kaɗai, a ajiye ta inda akwai haske amma rana ba ta bugawa. Lauratu, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a firamaren 'yan mata, ba ta karɓar kaya sai ta san adadinsu. Ta ƙirga ganyen a gaban mai su. Talatin da huɗu.

Ta zaɓa wa bokitin kusurwar baranda ta gabas, kusa da dakalin da ake alwala, domin nan ne inuwa ta fi daɗewa. Kowace Juma'a da hantsi sai ta auna kofin silba guda ta zuba. Mako biyu shukar tana nan garau. A na uku, ganyen ƙasa suka fara rawaya. A na huɗu suka saki jiki, suka yi laushi kamar dafaffen alayyafo, kana taɓa ɗaya sai ya faɗo maka a hannu. Lauratu ta ƙirga, ashirin da biyu.

"Ƙishirwa taka ji," in ji Maccido. "Kofi guda cikin bazarag ga? Ko kaza ba ta rayuwa hakanan. Shekara nawa ni yi ina hwaɗa ma manoma, shuka in ta sunkuyar da kai, ruwa taka roƙo. Ki ƙara mata, ki sa mata taki, ki hidda ta rana."

"Malam, wagga ba gero ba ta."

"Shuka dai shuka ta."

Asibi mai ƙosai, aminiyar Lauratu tun suna amare, tata fassarar daban ce. Ta ce baki ne. Duk wadda ta shigo gidan sai ta ce kai, wannan fure da kyau yake, kuma ba kowa ke haɗawa da tubarkalla ba. A samo tsumma ja a ɗaura a bakin bokitin.

Lauratu ba ta yi musu da kowa ba. Ta dai daɗe da lura cewa maganar da kowa ya yarda da ita, sau da yawa ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba ta. Ranar wata Alhamis, kwana shida cur rabonta da zuba ruwa, ta tsuguna ta cusa ɗan yatsa cikin ƙasar bokitin. Yatsan ya fito da caɓi. Ta kai hanci, ta ji tsami irin na rubabbiyar albasa.

A zafin Kaura na watan Afrilu, wanki ma kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Ta yaya kofi ɗaya zai kwana shida bai ƙafe ba?

Ta fara da na gida. "Malam, kana ba hurenga ruwa?"

"Ni? Kin ce kar a ba ta, ban ba ta ba. Ina ruwana da miyar Sista."

Sai ta juya kan baƙi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a farkon shekarar, matan layin suka tashi haiƙan neman karatu, kuma da yake tsakar gidan Lauratu ta fi faɗi, nan suke taruwa daga azahar zuwa la'asar, Asabar zuwa Laraba, su goma sha biyu, wata matashiyar malama tana biya musu. Lauratu ta tambaye su gaba ɗaya ko akwai mai yi wa shukar ban-ruwa. Suka haɗa baki suka ce a'a. Asibi har da rantsuwa.

Ba ta zarge su da ƙarya ba, don ta san su. Amma ƙasa ma ba ta ƙarya. Ranar Litinin sai ta ce ƙafa na damunta, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna a ƙofar ɗaki da faifan tsintar wake, inda take hango dakalin alwala.

Da aka kira la'asar matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta yi alwalarta, ta girgiza buta, ta ji da saura, ta miƙa hannu ta tuttule a bokitin fenti, ta wuce. Ta biyu haka. Ta uku ma. Ba wadda ta ko dubi shukar, hannu ne kawai ya saba. Asibi ce ta bakwai, kuma ita butarta babba ce.

"Asibi!"

Asibi ta zabura. "Ke, kin ba ni tsoro. Lahiya?"

"Mi kika yi yanzu?"

"Alwala."

"Bayan alwala."

"Na zuba ragowa."

"Shekaranjiya ba ke kika rantse ba ki ba ta ruwa ba?"

"Wanga ai ba ban-ruwa ba na! Ban-ruwa shi na ka ɗebo da niyya ka kai ma shuka. Wagga ragowar buta ta. Malamar karatu ta ce zubar da ruwa banza ba kyau, kuma duk mai rai da ka shayar kana da lada. To mu zubar ƙasa ga abu mai rai kusa?"

Sauran matan suka ce ƙwarai, haka ne. Ana cikin haka Maccido ya shigo daga masallaci, ya tsaya yana sauraro, sai aka ga yana sosa ƙeya.

"Malam," in ji Lauratu, "kai ma?"

"To... ragowa dai. Sau biyar. Ba ta da yawa."

Lauratu ta ajiye faifan. Ta yi lissafin a fili, kamar tana gaban allo: mata goma sha biyu, kwana biyar a mako, ga na maigida sau biyar kullum har Alhamis da Juma'a. Shukar da aka ce kofi ɗaya ya ishe ta, tana shan abin da ya fi tulu guda a mako. Dariya ta so ƙwace mata, amma da ta dubi ganyen da suka rage sai dariyar ta koma.

"Kun taru kuna neman lada kan amanar mutane, kun kusa kashe ta."

"Yanzu hana mu lada za ki yi?" in ji Asibi.

"Ladar nutsar da marainiya? Ga gwanda can bayan madahi, tun bara take roƙon ruwa ba mai kallonta. Ku kai mata. Ita ko rijiya kunka juye mata godiya za ta yi."

Washegari da safe ta shimfiɗa buhu a baranda ta kife bokitin. Ƙasar ta fito a dunƙule, tana ɗiga. Ramin da Rekiya ta huda a gindin bokitin ashe ya toshe da laka. Saiwoyin da ya kamata su zama farare sun yi baƙi, suna narkewa a hannu. Daga cikin rassa biyar, uku sun ruɓe tun daga tushe.

Ba wanda ya taɓa koya mata jinyar irin wannan shuka. Ta dai tsinke ganye ɗaya ta matsa, ta ga ruwa ya fito, ta ce a ranta, mai ajiye guzurinta a jiki haka ba ta buƙatar a yi ta ɗura mata. Kuma ta san yadda ake yi wa dankali in ya fara ruɓa: a yanke wurin har sai an kai lafiyayye, a bar shi ya sha iska. Ta ɗauko sabuwar reza ta bi saiwoyin ɗaya ɗaya. Duk inda ta yanke sai ta barbaɗa garin gawayi. Kowane yanka ji take kamar a jikin Rekiya take yi. Da ta gama, abin da ya saura rassa biyu ne da ganye bakwai, da 'yan saiwoyi kamar gemun ɗan akuya.

Maccido yana tsaye a kanta. Sai ya ɗauki kekensa ya fita. Can sai ga shi da rairayin gulbi a leda, da wata 'yar tukunyar ƙasa da ya sa maginiyar tukwane ta huda mata rami uku.

"Ƙasar ga taki ta riƙe ruwa da yawa," ya ce, yana kallon gefe. "A gauraya da rairayi, rabi da rabi. Wanga kam na sani."

"Ashe malamin gona na nan."

"Shina nan. Furen birni na ba a koya muna ba."

Ta bar shukar a inuwa yini guda ba ƙasa, sannan ta dasa ta a sabuwar tukunyar, da 'yan ɓaraguzan fasasshiyar tukunya a ƙasa. Ta ɗauke ta daga baranda gaba ɗaya, ta kai ta tagar ɗakinta, inda ba buta da ke zuwa. Ganye uku masu lafiya da suka karye wajen aikin ba ta yar ba, ta soka ƙafafunsu a rairayi cikin gwangwanin madara, ko Allah zai sa.

Sai jira. Kwana goma ba ta ba ta ko ɗigo ba, abin da ya fi komai yi mata wuya ke nan. Ganye uku suka ƙara faɗuwa, saura huɗu. Kullum da safe sai ta cusa yatsa, in ta ji sanyi ta janye hannunta ta tafi. Asibi takan leƙo ta taga ta ce, "Yaya mai jiki?" Lauratu ta ce, "Da sauƙi, tunda kin daina duba ta." A bayan madafi kuwa gwanda ta yi kore shar, har ta fara fure.

Sau biyu Lauratu ta ɗauki biro za ta rubuta wa Rekiya, ta ba direban motar Zurmi, sau biyu tana ajiyewa. Me za ta ce? Ba ta mutu ba, ba ta kuma tashi ba.

A mako na biyar bayan dashen, ta ga wani ɗan abu a kan reshe, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, jaja-jaja. Bayan kwana uku ya buɗe ya zama ganye. Ta kira Maccido, ya zo ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Tubarkalla," da ƙarfi yadda Asibi za ta ji ta katanga.

Rekiya ta dawo bayan ruwan farko, ta yi baƙi ta rame, ta ce an ba ta ɗaki a Zurmi, kayanta ta zo kwashewa. Bayan an gaisa ta sha ruwa, idonta ya tafi kusurwar baranda. Ba komai a wurin.

"Zauna, Sista," in ji Lauratu. "Talatin da huɗu kika ba ni. Bari in hwaɗa miki yadda anka yi kahin ki gani."

Ta faɗa mata duka, ba ta rage ba, har da nata laifin na ajiye bokiti kusa da dakali da kuma makonnin da ta yi ba ta taɓa ƙasar ba. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar. Ganye shida, huɗu tsofaffi, biyu sababbi.

Rekiya ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta shafa tsohon ganye ɗaya da babban yatsa, ta taɓa kututturen rassan da aka yanke. Lauratu ta ga idonta ya kawo ruwa, ta bar ta.

"Ta rame," in ji Rekiya daga baya. Ta ja hanci. "Ni ma na rame. Amma Inna, wannan reshen shi ne na asali, wanda na yanko da hannuna. Shi ne ya yi sabon ganye."

Lauratu ta miƙe. Ta koma ciki ta ɗauko gwangwanin madara. A cikin ganye ukun da ta soka, biyu sun kama, kowanne da 'yan jarirai a gindinsa.

"Waɗanga ma naki na."

Rekiya ta duba, ta yi murmushi, ta tura gwangwanin gaban tsohuwar. "A'a. Ɗaya a Zurmi, ɗaya a Kaura. In tawa ta sami matsala na san inda zan zo."

Da la'asar Lauratu ta raka ta tasha. Suka sami motar mata ta Zurmi saura mutum biyu. Rekiya ta zauna gefen da rana ba ta bugawa, tukunyar a cinyarta, ta yafa mata gefen mayafi. Lauratu ta tsaya har motar ta cika ta tashi, sannan ta juyo gida a hankali, tana tunanin wace taga ce za ta fi dacewa da 'yan gwangwanin.